Babban Yatsan Baffa Hayatu

A Sabon Layi, idan laftof ɗinka ta yi maka gardama, shagon Baffa Hayatu za a nuna maka. Shagonsa yana manne da nawa, katako ne kawai ya raba mu, katakon ma da ɓula. Ni Ɗahiru caja da batiran waya nake sayarwa, saboda haka duk abin da ya faru a wurinsa da idona da kunnena ake yi, ko ina so ko ba na so.

Bafulatani ne siriri, mai hula a karkace. Mahaifinsa a bakin mayo, wato kogi, ya yi kiwo har ya tsufa, ya so ɗansa ya bi shanu, ɗan kuwa ya ce shi ƙananan abubuwa masu motsi yake so. Ya fara da gyaran agogo a gindin bishiya kusa da tasha. Agogo ya ja baya, ya koma rediyo mai kaset. Kaset ya mutu, ya kama wayar hannu. Da ɗalibai suka cika Mubi, kowa da laftof a jaka, sai ya ce ai duk ɗaya ne, agogo ne ya yi ƙiba. Ni kuwa tun ranar da na kama shago kusa da shi bai taɓa kiran sunana ba. Kaɗo yake ce mini, sunan da Fulani ke kiran Bahaushe da shi, wai tunda kakana daga Kano ya zo, ba zan taɓa sanin daɗin nono ba.

Abu biyu Baffa yake taƙama da su. Na farko babban yatsansa na dama. A layinmu kunne ba ya aiki, don daga safe zuwa yamma janareto ne ke ihu ta ko'ina. Shi ya sa komai da yatsa yake ganewa. Ya ɗora shi a bayan na'ura ya ce fanka ta gaji, ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya ya ce wannan ya sha miya. In ka yi musu ya ɗaga maka yatsan kamar ɗan siyasa, ya ce ido kan ruɗe, amma wannan bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Na biyu wani tsohon filash ne da yake rataye da shi a wuya da zare, a ƙarƙashin riga, kamar laya. A ciki akwai Windo ɗinsa, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shekarar da aka yi gudu daga Mubi, mutane suka ɗauki takardun gida da tukwane, shi da filash ɗin nan da sukundireba ɗaya ya fita. Duk kwamfutar da ta shigo shagonsa, ko ciwon kai ta kawo, sai ya share ta tas ya zuba mata abin da ke cikin filash. Wanka yake kiran wannan. In ya gama wankan sai ya toshe hanyar sabuntawa, don kada na'ura ta riƙa shiga intanet da kanta tana shanye wa mutane data. Masu kaya suna sa masa albarka a kan haka, ni ma tawa shi ya toshe mini.

Matsalarsa ɗaya, shayi. Sali mai shayi ya san kofinsa, sukari sai cokali ya kusa tsayuwa. Bara aka gwada shi a asibiti aka ce ciwon suga ne. Nas ta gaya masa in bai kiyaye ba, a hankali ji zai riƙa barin ƙafafunsa da yatsunsa, kuma ɗan taɓi mai sauƙi shi zai fara ɓacewa. Ya dawo yana ba mu labari yana dariya. A gida matarsa Goggo Fatu ta ɓoye gwangwanin sukari, shi kuma kullum ya zo shago ya rama a wurin Sali.

Ana nan sai ga Miriyamu Zira. Tana zana katin biki da kalanda a Nassarawo, mace ce mai saurin magana da saurin fushi da saurin hucewa. Yayanta da ke fatauci a Garwa ya kawo mata laftof siririya, sabuwar yayi, sai dai Faransanci kawai take ji.

"Baffa, ka mayar mini da shi Turanci," in ji ta. "Ni ban gane komai a ciki. Amma ka ga maus na shi?" Ta shafa ɗan farantin nan da ke ƙasan maɓallai, wanda ake jan kibiya da shi, ta danna. "Laushi kamar me! Ka taɓa ka ji."

Baffa yana cin ƙosai, hannunsa duk mai. Ya ce ta ajiye, ya ga dubunta, ta dawo jibi.

Ya wanke hannu, ya zaro filash daga wuya, ya yi mata wanka, ya toshe hanyar sabuntawa kamar kullum. Na'ura ta tashi da Turanci tsaf. Sai ya ɗora babban yatsa a kan farantin ya danna. Ta ɓular katako nake kallonsa. Abin da ya danna ya buɗe a allo, amma sai na ga ya tsaya. Ya sake dannawa, wani abu ya sake buɗewa. Ya ɗaga yatsan ya dube shi, ya goge a riga, ya ƙara dannawa.

Daga baya na san abin da ke ransa. Na'ura ta amsa, ke nan maɓalli ya dannu, amma yatsansa bai ji komai ba. Ya jawo wata tsohuwar laftof ta wani ɗalibi ya danna, ya ji ƙwas. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, don irin waɗannan tsofaffin ko da gwiwar hannu ka danna sai ka ji. Ta Miriyamu ita ce mai laushi, kuma nas ta ce mai sauƙin ne zai fara tafiya. Ya rufe na'urar a hankali, ya zauna yana kallon titi.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, ina nan zaune, taku biyu tsakaninmu. Da ya ce "Kaɗo, zo ka danna nan," da magana ta ƙare kafin ƙosan ya huce. Amma ina! Bafulatani ya yarda wani ya ga rauninsa? Ya gwammace ya haɗiye abin shi kaɗai.

Washegari ya zo yana warin man zafi. Na ga ya tsoma yatsa a ruwan ɗumi, na ga yana mintsinin kansa. Wata ɗaliba ta kawo waya mai ƙaramin gyara, irin wanda yake yi yana hira, ya ce ta kai gaba. Sali ya kawo shayi, ya bari ya huce ƙudaje suka sha. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, har na fara kewar zagin kakana.

Ranar da Miriyamu za ta dawo, ya sa laftof ɗinta a jaka ya zuge, sannan ya leƙo shagona. Ya ce in ina so in cire katakon nan in faɗaɗa wurina, shi yana tunanin komawa ruga ya ga abin da ya rage na shanun gidansu. Na yi dariya, na ce shanun ma ba za su gane shi ba. Bai yi dariya ba.

"Ɗahiru," ya ce, "yatsan ya mutu."

Gabana ya faɗi. Ba don maganar kaɗai ba, don sunana da na ji a bakinsa. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da fansho, yatsan nan ne ya aurar da 'ya'yansa. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Ina laluben magana ke nan sai ga Miriyamu ta sauko daga keke napep.

Ta zuge jaka, ta kunna, ta ga Turanci, ta yi tafi. Sai ta danna farantin. Fuskarta ta canza. Ta sake dannawa da ƙarfi.

"Baffa! Me ka yi masa? Ba ya danna!"

Ya ce da sanyin murya, "Ai yana buɗewa, 'yata."

"Yana buɗewa, amma ba na ji komai! Kamar ina danna tebur. Da ba haka yake ba. Ni da wannan nake zane, in ban ji ba yaya zan san na kama layi?"

Baffa ya miƙe tsaye a hankali. "Ke ma ba ki ji ba?"

"Me zan ji? Ka kashe shi!"

"Kaɗo! Zo ka danna!"

Na danna, babu komai, gilashi ne kawai. Ya ƙwala wa Sali kira, ya zo da buta a hannu ya danna, ya ce shi ma bai ji ba. Har mai keke napep ɗin da ke jiran Miriyamu aka jawo. Kowa ya ce babu, Baffa sai ƙara washe baki yake, daga ƙarshe ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Miriyamu ta riƙe ƙugu.

"Ka ɓata mini kaya kana dariya? Ni zan yi kuka, kai kana murna?"

"Yi haƙuri, 'yata, yanzu zan gyara. Maɓallin ne ya maƙale." Ya ɗauko sukundireba zai sa a gefen farantin ya ɗaga. Ta yi wuf ta rungume laftof ɗinta, ta ce ko allura ba zai sa mata ba sai ta bincika. Ta zauna a bencina tana latsa waya, tana karantawa tana fassara mana.

Ashe babu maɓalli a ƙarƙashin farantin ko kaɗan. Gilashin ba ya motsi. Wani ɗan inji ne a ciki yake jin nauyin yatsa, sai ya ƙwanƙwasa maka daga ƙasa, kai kuma ka ɗauka wani abu ya dannu. Kuma injin ba ya ƙwanƙwasawa sai Windo ta san da zamansa. Akwai 'yar manhajar da ke haɗa su, ana ce mata direba. Windo ɗin da ke wuyan Baffa ta girmi wannan fasaha nesa ba kusa ba, ba ta taɓa jin labarinta ba. Da an bar na'urar ta sabunta kanta, da ta nemo direban, to ga shi Baffa ya toshe hanyar.

Baffa ya ce, "Wato ƙarya take yi wa yatsa?"

"Ƙarya mai daɗi," in ji Miriyamu. "Ka buɗe mini hanya na."

Ya buɗe, kamar wanda aka sa ya saki akuya a gonar wani. Ta haɗa na'urar da intanet ɗin wayarta. Duk lokacin da ya ga data na zuba sai ya kawar da kai ya ce subhanallahi. Aka yi azahar, aka dawo, ana nan ana saukewa. Ta ce masa ya kamata filash ɗin nan shi ma a yi masa wanka, ya dafe ƙirji ya ce za a duba. Can wajen la'asar na'ura ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa ta tashi. Miriyamu ta danna, ta yi murmushi.

"Ya dawo!"

Ta nuna mana wani sabon wuri da ya fito a allo, inda ake ƙara ƙarfin ƙwanƙwasar ko a rage. Baffa ya matso da kujerarsa. Dariyar nan duk ta tafi. Na ce bari in kashe janareto ya samu natsuwa, ya ce a'a, in bar shi ya yi ta ihu, ba ya so kunne ya taimaka masa.

Ya rufe ido, ya ɗora yatsa ya danna. Ya gyaɗa kai.

"Rage."

Ta rage. Ya danna, ya sake gyaɗa kai.

"Ƙara ragewa."

Miriyamu ta dube ni tana tambaya da ido. Na nuna mata babban yatsana, na nuna kofin shayin da ke kan teburinsa. Mahaifiyarta ma da ciwon suga take, nan take ta gane. Ta ja abin har ƙarshe, inda babu sauran ragi.

"Shi ke nan, Baffa. Wannan ne mafi ƙarami."

Ya miƙa yatsan. Ya ɗora, ya danna, ya daɗe bai buɗe ido ba.

"Ya ƙwanƙwasa," ya ce a hankali. "Ƙasa-ƙasa, amma na ji shi."

Ya sa hannun riga ya goge ido, ya ce hayaƙin janareton Kaɗo zai makantar da mutane. Na ce to, in dai an dawo Kaɗo, katako na nan inda yake. Miriyamu ta ƙara ƙarfin abin yadda take so, ta sa laftof a jaka, ta ce in ya sake yi wa kayanta wanka sai ta kai ƙararsa wurin Goggo Fatu.

Sali ya ga an yi fara'a, ya kawo sabon shayi mai zafi. Ya ajiye kofi, ya ciko cokali da sukari kamar yadda ya saba. Baffa ya dubi cokalin, ya dubi yatsansa, sai ya rufe bakin kofin da tafin hannu.

"Bar shi haka, Sali."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai ruwan wanki ne. Amma ya shanye tas.