Sikelin Albarushi a Garejin Surukina

Na shekara uku da aure ban taɓa zama da surukina fiye da tsawon gaisuwa ba. Mutumin Damagaram ne, ya riga mu zuwa Greensboro ta Amurka da daɗewa. Ya yi tuƙin manyan motoci har bayansa ya gaji, sannan ya sayi ɗan gida a Summerfield, can bayan gari, kusa da wani mai kiwon dawaki. Idan muka je ni da matata, nakan durƙusa in gaishe shi, in fice in tsaya kallon dawakin har a gama hira. Kunya ce irin ta gida, shi ma bai taɓa neman ya rage mini ita ba.

Wata Asabar a farkon kaka ina jingine da shinge, sai na ji ya kira ni daga gareji. Na same shi zaune gaban wani dogon tebur. An ɗaure wani ƙarfe mai mariƙi na matse harsashi a gefensa, ga ɗan sikeli, ga gwangwanaye cike da kwanson harsashi na tagulla. Rana ta shigo ta ƙaramar taga ta kwanta a kansu, suna ƙyalli kamar kayan lefe.

Na san yana farautar barewa duk shekara da lasisinsa, amma ban san da hannunsa yake haɗa harsashin ba. Kartushi yake ce masa, irin na mutanen Nijar. Ya ce na kanti ya yi tsada, kuma abin da ya fi tsada a jikinsa shi ne kwanson, wanda mutane ke zubarwa a filin gwajin harbi. A ganinsa wannan daidai yake da jefar da kwano don an cinye tuwon ciki. Kwanso ɗaya, in an kula da shi, sai a cika shi sau da yawa.

Ya juya tabarau a hannu.

"Idona ya daina ganin lambar sikelin nan," ya ce. "Albarushi kuwa ba ya son kintace. Zauna ka karanta mini."

Na zauna a bakin benci, rabin jikina a waje.

Daga wannan rana, Asabar ta zama tamu. Kwana biyar ina ɗaukar kwali a wani sito da ke kan titin Wendover, cikin ƙarar motoci da ihun na'ura. Rana ta shida sai in shiga wurin da ba a gaggawa. Shi ke shafa kwanso da yatsa yana neman tsaga, ni ke awo bisa abin da littafinsa ya rubuta, ba ƙari ko ƙwaya. In faɗi lambar, ya ce to, ya ja mariƙin a hankali. A kusurwa akwai wani injin wanke kwanso mai ƙugi kamar ruwan sama a kan kwanon wata unguwa mai nisa. Wani lokaci doki ya yi haniniya, in rasa a wace ƙasa nake.

A cikin wannan ƙugin ya ba ni labarin mahaifinsa, maharbi, wanda ke daka albarushinsa a wani turmi da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Ya ce har yau in ya buɗe gwangwani yakan ji kamar tsohon na tsaye bayansa yana duba aikin. Ban taɓa taka Damagaram ba, amma nakan gan ta a cikin hasken tagar nan, da duwatsunta da komai.

Matata ta yi ta mana dariya. Ta ce abin da muke ragewa a harsashi yana tafiya a man mota. Mahaifinta bai musa ba. Ya ce lallai kowane kartushi ya fi na kanti araha sosai, sai dai abu mai araha ba a jin zafin harba shi, don haka muke harba ninki a wurin gwaji. Hannuna ya zauna a harbi ta dalilin haka.

Da ganyaye suka yi ja na karɓi nawa lasisin. Muka fita da sassafe gonar wani manomi da ya ba mu izini. Hazo ya kwanta a ƙasa, itatuwa kamar suna yawo a kan ruwa. Wata barewa ta fito ba tare da na ga inda ta ɓullo ba. Na yi bisimilla na harba, da harsashin da na auna da hannuna. Ta faɗi nan take. Surukina ya taka a hankali ya yanka, ya goge wuƙa a ciyawa, ya ce, "Madalla, ɗana." Bai taɓa kirana haka ba. Surukata ta yi kilishi, muka raba a masallaci bayan Juma'a.

Yanzu ƙafa ta hana shi shiga daji. Kwanan baya ya ce in kwance ƙarfen in kai gidana, tunda ni ke aikin duka.

"Baba, gidan haya ne, babu wuri," na ce.

Gaskiya ne babu wurin. Ya dube ni ta saman tabarau, ya jinjina kai, ya turo mini gwangwani na gaba.