Ɗanlami Ya Shiga Tsakanina da Zainab

Jama'a, yau mai tura waƙoƙi ya gama da ni!

Na je shagonsa a Zuba, na ce waƙoƙin soyayya nake so masu sauti garau, yau zan buɗe wa Zainab zuciyata. Ya ce, "Oga, orijinal ne, har numfashin mawaƙi za ka ji."

Na ɗauko Zainab a mota, na kunna waƙar farko. Sarewa na tashi a hankali, na ce, "Zainab, tun ranar da..."

Sai muryar mai shagon ta fasa sifika: "Ku garzayo shagon Ɗanlami, bayan masu kankana!"

Ashe kowace waƙa ya cusa mata tallarsa!

Zainab ta yi dariya har da hawaye, ta ce da ni cikin tsokana, "Ƙarasa mana, Ɗanlami."

Na kasa. Wallahi Zuba na nufa yanzu!