Shekarar da Sahu Ya Rame

Har yau in yayyafi ya taɓa tabarmar kaba, ƙanshin nan ya tashi, sai in ga kaina a ƙofar masallacin ƙauyenmu, can tsakanin Gaya da Ajingi, ina ƙirga takalma. Kada ka raina wannan ilimi. Ni da na ajiye boko a aji uku, duk lissafina a nan na koye shi.

Limaminmu tsoho ne siriri, muryarsa kamar ana zuba gero a ƙwarya. Shekara da shekaru yana wa'azin wuta da aljanna bayan la'asar, dattawa na gyangyaɗi cikin ladabi. Sai wata bazara, ana sharar gona, ya ce duk mai noma gonar gado bai fitar wa 'yan'uwansa mata rabonsu ba, haram ake tuƙa masa. Ranar ba wanda ya yi gyangyaɗi.

A wajenmu a lokacin mace ba ta gadon gona. In an yi girbi a aika mata dami biyu, ta sa albarka. Haka babana ke yi wa ƙanwarsa, gwaggona, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu.

Washegari takalma suka ragu. Liman ya maimaita. Kafin gero ya rufe kunya, saura takalmin ladan da na wani dattijo kurma, wanda har ya koma ga Allah bai san abin da ya faru ba. Sauran suka koma gindin tsamiya, suka tura babana gaba ya ja su salla, shi da surorinsa uku.

Mata kuwa suka hura wuta. Akusa dai suka riƙa fita daga kowane gida zuwa zauren liman: tuwon dawa, dambu, fura mai sanyi. Sahu ya rame, liman ya yi kumatu.

Da abin ya ishi babana, ya je ya durƙusa, ya roƙi tsohon ya bar zancen nan jama'a su dawo.

"Ɗana, ni ma na fi son masallaci cike," in ji liman. "Samo min ayar da ta ce dami biyu, gobe in karanta."

Babana ya dawo gida. Da kaka ta yi, aka kwashe amfani, ya ɗauki igiyar awo ya kira gwaggo, ya auna mata rabonta na gonar. Ina ganinta har yanzu cikin hasken hantsi, ba takalmi, tana taka kunya ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar mai tsoron ta farka. Takalma suka dawo masallaci, amma ba duka ba.

Yanzu masallatai biyar ne a ƙauyen, kowanne da lasifikarsa, kowa ya zaɓi wanda wa'azinsa ba ya bi ta gonarsa. Makon jiya sabon limaminmu, yaron da aka haifa a gabana, ya taɓo zancen gado. Na waiwaya na dubi takalmina a bakin ƙofa, shi ma ya dube ni. Ƙanwata tana aure a Kademi, kuma bara dami uku na aika mata, don ni mutum ne mai kyauta.

Na zauna dai har aka shafa addu'a. Igiyar babana tana nan rataye a rumbu. Na aika a gaya wa ƙanwata ta zo bayan girbi.