Takardar da ban karɓo wa Malam ba

Ina zaune a mota a garin Manassas na Amurka ina jiran fasinja saƙon ya shigo wayata. Matar Malam ce, da ɗan Turancinta, take sanar da ni an harbe shi har lahira a ƙofar gidansa.

Ni ɗan Kaduna ne, na shiga sojan Amurka ina matashi don in samu takardar zama. Aka tura mu wata ƙasa da aka ci da yaƙi, an rushe gwamnatinta, komai ya koma hannunmu, har izinin wucewa da mara lafiya asibiti. Ni aka sa a ƙofar da ake ba da izinin. Tafintana dattijo ne, tsohon shugaban makaranta da sabbin masu mulki suka kora. Malam nake kiransa. Yakan zolaye ni wai bai taɓa ganin ɗan mamaya mai durƙusa wa tsofaffi ba. Tare muke buɗa baki da azumi.

Da muka janye, aka shiga farautar waɗanda suka yi mana aiki. Malam ya rubuto mini cewa takarda ɗaya ta rage ya samu biza, shaidar hafsan da muka yi aiki a ƙarƙashinsa. Hafsan yana nan garin Annandale, ba nisa da inda nake. Matata ta ce in tura masa saƙo kawai, haka ake yi a ƙasar nan. Na ce mata ba a neman alfarmar babba ta saƙo, takawa ake yi a gaishe shi. Takawar kuma kunya ta hana ni, ban so ya ga na koma direban haya ba. Kullum sai na ce bari in ɗan kimtsa. Malam ya tambaya in ce ana kai, shi kuma ya sa mini albarka.

Da na kira hafsan na gaya masa rasuwar, sai ya ce da na yi magana, aikin minti biyar ne.

Yanzu na san ba ladabi ne ya riƙe ni ba, girman kai ne. 'Yan'uwa, in ran wani yana jiran kalma ɗaya daga bakinku, ku furta ta yau, ko a wane hali kuke. Matar Malam ta tambaye ni abin da mijinta ya yi wa hafsan har ya hana shi takardar. Har yau ban ba ta amsa ba.