Watannin da Na Hana Ɗana Mai

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta watannin da na hana ɗana cin mai ba, ni a ganina gata nake yi masa.

Yana da shekara biyu da 'yan watanni shawara ta kama shi, idonsa ya yi rawaya. A ƙauyenmu, can gefen Geza, kowa ya san ƙa'ida: mai shawara ba ya kusantar maiƙo. Surukata ta ce, "Ki raba mishi tukunya, ko ɗigon manja kar ya lasa." Na raba. Cikin 'yan makonni ya warke, amma ni tsoro bai sake ni ba. Aka yi girbi, aka shiga rani, ina nan ina dafa masa zogale da kabewa da ruwa da gishiri. Kifi ma sai na cire kitsen cikinsa.

Sai na lura da magariba ba ya sakin zanena. Yaron da ke wuni yana bin awaki, rana na faɗuwa sai ya kama laluben bango. A farin idonsa kuma ga wani abu kamar kumfa. Na goge da bakin zane, bai fita ba. Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya: in duba idon, in ɗora tukunya, in manta da ita, in koma in sake dubawa. Zuciyata sai raya min take makancewa zai yi.

Rana ta huɗu na goya shi, na hau mashin zuwa asibiti a Bagudo. Wata malamar asibiti ta duba idon, ta ce, "Dundumi ne ya fara. Mi kike ba shi?"

Na jero mata har da alfahari. Ta ce, "Da wane mai?"

"Ai Malama, shawara ya yi."

"Yaushe?"

"Da damina."

Ta ajiye biro. "Kin iya gyaran kifi?"

Na ce, "Ɗiyar masunta ce ni."

"To wannan koren abin da kike tsoron fasawa fa?"

"Matsarmama."

"Mu ma muna da ita. Ruwanta ke zuba cikin hanji ya farfasa mai, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya, sannan hanji ya iya tsotsewa. Abin da ke gyara ido cikin zogale da kabewa ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. In babu mai, kaɗan hanji ke kamawa, sauran ya bi bayan gida."

Ashe duk ganyen da nake wahalar tsinkowa wucewa kawai yake yi.

Ta yanke bakin wata jar ƙwaya za ta matsa masa a baki. Na ga abin yana naso, na cafke hannunta. "Malama, mai ne!"

Ta yi dariya. "Sake ni, uwar tsoro. Shi ne maganin."

Da na dawo gida na faɗa wa surukata, sai ta riƙe haɓa. "Ke ɗiyar nan! Ni cewa na yi har ya warke, ban ce har ya yi gemu ba."

Ranar na zuba masa manja a zogale. Bai yi mako biyu ba ya daina laluben bango, kumfar ma a hankali ta ɓace.

Tun daga nan, duk wanda ya ce in hana yaro wani abu, babba ne ko likita, ba na tashi daga gabansa sai na tambaya: "Har yaushe?"