Hancin Ɗalhatu

Ɗalhatu mutumin Kudan ne, a gonar inabi ya tashi. Tun bai fi tsayin galma ba yake bin mahaifinsa suna rage wa inabi rassa, har ya kai idan ya shinshina nonon inabi ɗaya zai gaya maka kwana nawa ya rage ya nuna. Da gado ya raba gonar gida bakwai, abin da ya samu bai isa a juya amalanke ba, sai ya biyo ejan zuwa Doha. An ce masa aikin otal ne. Ba wanda ya ce masa a ɗakin cin abincin da ake zuba wa baƙi jar giya za a tsayar da shi.

Ranar farko bai ci abinci ba don takaici. Daga baya ya yi wa kansa iyaka: zai ɗauka, zai buɗe, zai zuba, amma ɗigo ɗaya ba zai taɓa harshensa ba. Ko malamai za su yarda da wannan iyakar, bai taɓa tambaya ba, don ya san amsar. Da iyakar dai yake iya kallon alƙibla idan ya koma ɗakinsu a Al Thumama.

Ka'idar aikin kuwa, tsohuwar kwalba sai mai buɗewa ya kurɓa tukuna, ko ta lalace a ajiya. Shi hanci yake sawa, kuma shekara tara hancin bai ba shi kunya ba. Ga baki. Zai tsaya da farin ƙyalle a hannu yana ba Turawa labarin tudun da aka shuka inabin a Faransa, da ƙasar wurin mai tsakuwa, da shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri har 'ya'yan suka yi zaƙi, da watannin da giyar ta kwashe a gangar itace. Ya ce wannan da gasasshen naman rago take tafiya, waccan da cuku mai ƙarfi, kada a kuskura a haɗa ta da kifi. Su yi ta gyaɗa kai kamar suna sauraron wa'azi, alhali mai wa'azin bai san ɗanɗanon abin ba.

Sai korona ta kama shi. Ya warke sarai, amma hancin bai dawo ba. Turare da kwata duk ɗaya suka zame masa. Mutum ɗaya ya gaya wa, Moro, abokin aikinsa ɗan zangon Kumasi.

"Masa, ka faɗa ma manaja," in ji Moro, wanda Masa yake ce masa, wato maigida. "Abin nan bai ɓoyuwa."

"In na faɗa, khalas, shi ke nan, sai jirgin gida. Bari dai, zai dawo."

Wata bakwai yana kai toshen kwalba hanci, yana lumshe ido, yana cewa lafiya lau. Sa'a ce kawai take rufa masa asiri, kuma kullum da faɗuwar gaba yake sa rigar aiki.

Wata Asabar da azahar wani baƙo ya nemi kwalba mai shekara talatin. Ɗalhatu ya buɗe, ya shinshina, ya zuba. Baƙon ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ture kofin. Ta lalace, warinta har teburin gaba an ji.

Da la'asar manaja ya kira shi ofis. Ba mugun mutum ba ne, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofi biyu na giya da ƙaramin bokiti a kan tebur, ya ce tunda hanci ya tafi, saura harshe. Ya kurɓi kowanne, ya tofar, ya faɗi wadda ta lalace. In ya gane, aikinsa na nan. In ba zai iya ba, ba tilas.

Ɗalhatu ya daɗe a tsaye. Ya tuna 'ya'yansa huɗu a Kudan, ya tuna ba gonar da zai koma. Ya so ya ce bismillah don sabo, ya ga ba wurinta ba ne, ya fasa. Ya ɗaga kofin farko ya kurɓa, ya tofar. Ya kurɓi na biyu.

Bai ji komai ba. Ɗan tsami, ɗan bauri, kamar ruwan da aka jiƙa tsamiya ya salance, kuma duka biyun haka. Bai san ɗanɗano yana tafiya tare da hanci ba.

"Yalla, maza, wanne?" in ji manaja.

Ya nuna na dama. Manaja ya dube shi da tausayi, ya girgiza kai, ya jawo takardar sallama.

Moro ya same shi a bakin famfon bayan kicin, ya cire rigar aiki ya rataye, yana ta kurkure baki. Ya tsaya ya ƙirga masa har sau goma sha ɗaya, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Ya isa, Masa. Ai ka tofar."

Ɗalhatu bai ɗago ba. Ya sake tara hannu a bakin famfon.