Wandon Abdulbaƙi

A sujadar farko ta sallar Juma'a wandon Abdulbaƙi ya yage, ɓarrr, tun daga hantsa har ƙugu. Sahun baya kaf ya ji. Sabon wando ne, shi ya ɗinka da hannunsa, ya sa don mutanen unguwar Adjamé su ga aikinsa su kawo ɗinki. Sun kuwa gani.

Ba laifinsa ba ne duka. Ɗan jami'a ne, lauya yake karantawa. Da yajin aiki ya cinye musu shekara, sai ya tsallake gada zuwa unguwar Belleville, ya koyi keke wurin wani tela mai ɗinka wa ma'aikatan ofis kwat. Su waɗannan zama kan kujera ne aikinsu, wandonsu bai san sujada ba. Babu wanda ya gaya wa yaron cewa wandon Bahaushe sai da sakakkiyar hantsa.

Ubansa, Alhaji Kailu, mutumin Nijar mai sayar da takalma bayan Mairie, ofishin magajin gari, yana sahun nan na baya. A gida ya ce masa, "Na kai ka lakkol ka yi boko don kada ka zauna kasuwa irina, ka dawo min da almakashi? Ɗinkinka ba zai taɓa jikina ba."

"To, Baba," in ji Abdulbaƙi.

Bai ajiye almakashin ba. Ya kwance tsofaffin wandunan uban a ɓoye, ya ga yadda aka yanka su. Ya buɗe shago, hannu ya faɗa, har limamai suka zama masu kawo masa ɗinki. Ya sayi farin yadi mai kyau ya ajiye, don rigar tsohon. Kowace Sallah sai ya je da tef a aljihu ya gaishe shi, Alhaji ya kau da kai, ya aika wa telan wani layi da ɗinkinsa.

A rikicin siyasar da ya ɓarke a garin a 2011 hawan jini ya kayar da Alhaji. Ana harbi, hanyar asibiti a rufe, ya cika a ɗakinsa. Kasuwa a kulle, teloli sun gudu, babu inda za a sami likkafani. Abdulbaƙi ya ɗauko farin yadin nan. Bai nemi tef ba, ya daɗe da auna uban da ido.

Bayan gari ya lafa, Sharhabilu direban gbaka, ƙaramar bas ta haya, wanda tun ranar wandon bakinsa bai huta ba, ya leƙo shagon.

"Lauyan keke, ashe har tsoho ya tafi bai sa ɗinkinka ba?"

Abdulbaƙi bai ɗaga kai daga keken ba.

"Ya sa, Sharhabilu. Bai kuma dawo da shi gyara ba. Naka ma na auna tun da ka shigo."